Hankakan Kogo: Yaɗuwarsa da Mazauninsa da Halin da Yake Ciki

1.0 Gabatarwa

Masana kimiyyar tsuntsaye sun ƙidaya nau'o'in tsuntsaye sama da 900 a Nijeriya. Daga cikinsu akwai wani wanda ba a samun sa ko'ina a faɗin ƙasar nan sai a kusurwar kudu maso gabas, cikin kurmin Jihar Kuros Riba, daura da iyakar Kamaru. Sunansa na kimiyya shi ne Picathartes oreas. Tsuntsu ne na ƙasa, wato a doron ƙasa yake kiwonsa, ƙarƙashin inuwar manyan itatuwa. Ba ya tashi sama sai ta kama dole, kuma a jikin dutse yake gina sheƙarsa da laka. Wannan takarda za ta yi bayanin ƙasashen da ake samun wannan tsuntsu, da irin wurin da yake iya rayuwa a cikinsa, da kuma halin da yake ciki. Abin da takardar ke son fitarwa fili shi ne, faɗin yankin da taswira ke nunawa a matsayin gidan tsuntsun yana ruɗar mai kallo, domin ainihin inda rayuwarsa ta rataya wasu 'yan wurare ne ƙanana, a warwatse, waɗanda saran gona guda zai iya shafe ɗaya daga cikinsu kafin damina ta faɗi.

Amma kafin a kai ga wannan, dole a warware matsalar suna, tun da ba a iya yin bayanin abu da Hausa sai an sami abin kiran sa.

2.0 Matsalar Suna

Bahaushe bai raɗa wa wannan tsuntsu suna ba, saboda bai taɓa zama ƙasa ɗaya da shi ba. Ayyukan ƙirƙirar kalmomi da aka yi, irin su Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace aka buga a 1990, sun fi ba da ƙarfi ga fannonin harshe da adabi da dabarun koyarwa. Sunayen halittun da ke wajen ƙasar Hausa kuwa an bar wa mai fassara da ɗan jarida, kowa ya yi ta kansa. Hanyar da ta fi sauƙi ga irin waɗannan ma'aikata ita ce su ɗauki sunan Ingilishi su juya shi kalma da kalma, kuma a nan ne tarkon yake. Sunan da aka fi sanin tsuntsun da shi a Ingilishi, in an juya shi haka, zai ba da "kazar dutse". To, kazar dutse tana nan a ƙasar Hausa tun fil'azal, duk wanda ya saba da duwatsun ƙasar Zazzau ko na Bauchi ya san ta: 'yar ƙaramar tsuntsuwa ce mai ruwan ƙasa, mai ɗaga wutsiya kamar kazar gida, wadda masana ke kira Ptilopachus petrosus. Babu abin da ya haɗa ta da tsuntsun da ake magana a kansa in ban da son dutse. Wanda ya karanta da Hausa cewa kazar dutse na fuskantar barazana a Nijeriya, zai leƙa bayan garinsu ya gan ta garke-garke, ya ce marubucin bai san abin da yake faɗa ba.

Akwai wani tsohon suna na Ingilishi wanda ma'anarsa ita ce "hankaka mai sanƙo", kuma yana da tarihi. Tsuntsun yana da ɗan'uwa guda ɗaya tak a duniya, Picathartes gymnocephalus, wanda masanin nan ɗan ƙasar Holan, Temminck, ya fara bayyanawa a 1825, ya kuma sanya shi cikin jinsin hankaki. A 1828 Bafaranshe René Lesson ya ga bai dace da wurin ba, sai ya ƙirƙira masa jinsi na kansa. Ya sami sunan Picathartes ne ta hanyar haɗa sunan wani tsuntsu dangin hankaka da sunan wani jinsin ungulu na nahiyar Amurka, saboda jikin na hankaka ne, kan kuwa tsirara yake kamar na ungulu. Nau'in da ke Nijeriya sai a 1899 aka bayyana shi, a hannun Bajamushe Anton Reichenow, daga wani samfuri da aka samo a gindin Dutsen Kamaru, kusa da garin da ake kira Limbe a yau, lokacin Jamus na mulkin ƙasar. Kalmar oreas daga Girkanci take, sunan aljanun tsaunuka ne a tatsuniyoyin Girkawa.

Daga nan masana suka yi ta yawo da waɗannan tsuntsaye biyu daga wannan dangi zuwa wancan, yau a ce hankaki ne, gobe a haɗa su da dangin shaya ko na wasu ƙananan tsuntsaye masu cin ƙwari. Binciken ƙwayoyin halitta ne ya raba gardama. Ya nuna cewa dangi ne mai zaman kansa, tsoho ƙwarai, wanda ake kira Picathartidae, kuma 'yan'uwansa na kusa suna nesa: wasu tsuntsayen duwatsu biyu na kudancin Afirka da ake kira Chaetops, da wani tsuntsun kurmi na kudu maso gabashin Asiya mai suna Eupetes macrocerus.

Ke nan ba hankaka ba ne. Duk da haka, wannan takarda ta zaɓi ta kira shi hankakan kogo, jam'i hankakin kogo, bisa wata ƙa'ida da Hausa ta daɗe tana bi wajen raɗa wa baƙuwar halitta suna. A cikin harɗaɗɗun sunaye irin su raƙumin dawa da jakin dawa da karen ruwa, kalmar farko kama take nunawa, ta biyu kuma mazauni, kuma babu Bahaushen da ya ɗauka raƙumin dawa raƙumi ne da ya tsere wa Buzu. Ana iya sukar wannan zaɓi da cewa hankaka ya zo da kayansa: tsuntsu ne mai tsaurin ido, ɗan bola da mahauta, wanda ake yi wa kirari da "mai da ɗan wani naka", alhali wannan na kurmi mai gudun mutane ne. Sukar tana da ƙarfi, sai dai kalmar "kogo" ita ce ke ɗauke da nauyin sunan, domin ita ke nuna abin da ya bambanta tsuntsun da sauran tsuntsayen kurmi, kamar yadda za a gani a gaba. Za a bambance nau'o'in biyu da launin kai: na Nijeriya shi ne hankakan kogo mai jar ƙeya, ɗan'uwansa na yamma kuma mai rawayan kai.

Wannan suna na wucin gadi ne. Al'ummomin da suka zauna da tsuntsun tun kaka da kakanni, irin su masu magana da harsunan Boki da Ejagham, su ne suka fi cancanta a nemi suna a bakinsu, kuma a Kamaru an san yana da sunaye da dama a harsunan mutanen kurmi, waɗanda yawancinsu siffarsa suke bayyanawa. Aro daga harshen Nijeriya maƙwabci ya fi fassarar Ingilishi tushe.

3.0 Siffa da Ɗabi'a

Tsawon hankakan kogo daga baki zuwa ƙarshen wutsiya yakan kai santimita 33 zuwa 38, nauyinsa kuma giram 200 zuwa 250. Bayansa da wuyansa ruwan toka ne, cikinsa fari mai ratsin rawaya, yana da doguwar wutsiya da dogayen ƙafafu masu ƙarfi. Kansa ba gashi, kuma fatar launi uku ce: goshi shuɗi, ƙeya ja wur, kumatu baƙaƙe. Mace da namiji kamarsu ɗaya. Ba ya tafiya taku-taku irin na zabo ko fakara. Tsalle yake yi, daga ƙasa zuwa kan dutse, daga dutse zuwa wata jijiyar itace, yana daidaita jikinsa da wutsiya, ba tare da an ji motsinsa ba. Ba shi da waƙa. In ya yi kuka ma, wani ɗan huci ne da ba ya zuwa nesa.

Abincinsa ƙwari ne da tana da katantanwa da ƙananan kwaɗi da ƙadangaru, waɗanda yake tonowa cikin ruɓaɓɓen ganye. Yakan bi rundunar kwarkwasa, domin ya tsinci ƙwarin da suke gudun ta. A cikin kogunan da jemagu ke kwana kuwa yakan ci kyankyasai da sauran ƙwarin da kashin jemage ke tarawa.

4.0 Yaɗuwa

Ana samun hankakan kogo mai jar ƙeya daga kudu maso gabashin Nijeriya, ya ratsa yammaci da kudancin Kamaru, ya shiga Ikwatoriyal Gini da Gabon. Kamaru ce cibiyarsa. An san shi a gandun dajin Korup, da Dutsen Kamaru, da Dutsen Kupe, da tsaunukan Mbam Minkom kusa da Yawunde, da gandun Dja, da na Campo Ma'an. Wajen shekarar 2010 aka ba da rahoton ganin sa a kudu maso yammacin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, abin da ya tura iyakarsa ta gabas gaba da inda aka sani a da. In aka zagaye dukkan waɗannan wurare da layi ɗaya a taswira, za a sami yanki mai faɗin murabba'in kilomita sama da 300,000, wato wajen sulusin faɗin Nijeriya.

Abubuwa biyu a wannan taswira suna bukatar bayani. Na farko shi ne tsibirin Bioko, wanda a da ake kira Farnando Fo, mai nisan kilomita 32 daga gaɓar Kamaru. Tsuntsun yana nan a kudancin tsibirin, kuma tambayar da za ta zo wa mai karatu ita ce yadda tsuntsun da ba ya doguwar tashi ya ƙetare teku. Amsar ita ce bai ƙetare ba. A zamanin da ƙanƙara ta rufe arewacin duniya, ruwan teku ya ja da baya, Bioko na haɗe da babbar ƙasa. Sai kimanin shekara 10,000 da suka wuce ruwa ya taso ya yanke shi, tare da halittun da ke kansa.

Na biyu shi ne giɓin da ke tsakanin nau'o'in biyu. Mai rawayan kai yana zaune a Gini da Saliyo da Laberiya da Kwaddibuwa da Gana. Daga Gana zuwa Kuros Riba, tafiyar kusan kilomita 1,000, babu ko ɗaya daga cikinsu. Wani ɓangare na dalilin a fili yake, domin a gabashin Gana da Togo da Jamhuriyar Benin dajin ciyawa ya sauko har bakin teku, ya raba kurmin Afirka ta Yamma gida biyu. Amma abin lura shi ne, kudu maso yammacin Nijeriya yana da kurmi, yana kuma da manyan duwatsu irin na Idanre, duk da haka ba a sami tsuntsun a can ba. Wannan ya nuna cewa tarihin kurmi shi ma yana da hannu a yaɗuwar tsuntsun. Masana sun yi bayanin cewa a lokutan da yanayin Afirka ya bushe a zamanin da, kurmi ya tsuke ya koma 'yan tsibirai a wuraren da suka fi samun ruwa, kuma tsaunukan da ke tsakanin Kuros Riba da Kamaru da Gabon suna cikin waɗannan mafaka. Da kurmi ya sake bazuwa, tsuntsaye masu ƙarfin fiffike suka bi shi, hankakan kogo kuwa bai yi nisa da inda ya fake ba.

4.1 A Nijeriya

Binciken tsanaki na farko a kan tsuntsun a Nijeriya shi ne wanda masanin tsuntsaye John Ash ya gudanar a 1987, ya kuma buga sakamakonsa a 1991. Ya sami wuraren sheƙa sama da 90 a dazuzzukan da ke kusa da iyakar Kamaru, ya ƙiyasta cewa tsuntsayen za su kai 500 zuwa 1,000. Wannan ya zo daidai da lokacin da hankalin duniya ya karkato ga dazuzzukan yankin, saboda a cikin shekarun 1980 ɗin ne aka sake tabbatar da cewa akwai sauran gorila a Nijeriya. A 1990 hoton tsuntsun ya fito a kan sarki na gidan waya na Nijeriya, cikin jerin namun daji.

Wuraren da aka san shi a ƙasar nan su ne sassa biyu na Gandun Daji na Ƙasa na Kuros Riba, wato Oban a kudu da Okwangwo a arewa, sai Dutsen Afi da tsaunukan Mbe a Ƙaramar Hukumar Boki, da dazuzzukan al'umma da ke tsakaninsu. Oban yana manne da Korup na Kamaru, Okwangwo kuma da Takamanda, saboda haka tsuntsayen Nijeriya da na yammacin Kamaru jama'a ɗaya ce da iyakar Turawa ta ratsa.

5.0 Mazauni

A nan ne gundarin maganar yake. Hankakan kogo ba ya zama a wuri sai abubuwa uku sun haɗu: rufaffen kurmi, da ruwa a kusa, da dutse mai rumfa. In ɗaya ya ɓace, sauran biyun ba su da amfani gare shi.

Kurmin da ake nufi shi ne wanda rassan itatuwa suka haɗe a sama har rana ba ta isa ƙasa sosai, ƙasan kuma ba sarƙaƙiya, sai danshi da gansakuka da tarin ganye. A tsaunukan Oban ruwan sama yakan haura milimita 3,000 a shekara, wato wajen ninki uku na abin da Kano ke samu, a kudancin Bioko kuwa yakan kai 10,000. An sami tsuntsun daga ƙasa-ƙasa kusa da gaɓar teku har zuwa tsayin mita 2,100 a kan tsaunuka. Yakan jure kurmin da aka taɓa saran sa ya sake tofowa, muddin inuwa ta dawo, amma ba ya zama a fili. Dalili kuwa shi ne abincinsa a cikin danshi yake: da zarar an buɗe daji rana ta bugi ƙasa, tana ta nutse, katantanwa ta ƙaura, kwarkwasa ta ragu.

Ruwa kuwa don gini ne. Sheƙar hankakan kogo kamar rabin ƙwarya take, an manna ta a bango. Da laka ake gina ta, ana cuɗa ta da ƙananan saiwoyi da zaren ciyayi, kamar yadda magini ke cuɗa ƙasa da ramno, in ta bushe sai ta yi tauri kamar tukunya. Wanda ya san ɗakin zanzaro a kusurwar soro, ko sheƙar laka da wasu tsattsewa ke mannawa a ƙarƙashin gada, ya san tsarin, sai dai wannan ta fi su girma nesa ba kusa ba. Mace da namiji ne ke ɗauko lakar da baki daga bakin ƙorama, loma-loma, kuma ginin yakan ci watanni. Saboda wahalar aikin, ba sa yar da tsohuwar sheƙa. Gyara ta suke yi suna sake amfani da ita shekara da shekaru.

Ginin laka a ƙasar da ruwa ke zuba kamar da bakin ƙwarya ba ya tsayawa sai da rufi, kuma wannan ne ya sa ba kowane dutse ke yi ba. Dole ya kasance bango ne a miƙe wanda samansa ya rankwafo ya yi rumfa, ko bakin kogo, ko wani ƙaton dutse da ya jingina da wani, yadda ruwa ba zai taɓa sheƙar ba, ko daga sama ko mai gangarowa a jikin dutsen. Dole kuma bangon ya yi tsayi da santsi, domin akan kafa sheƙar ne daga mita ɗaya da 'yan kai zuwa wajen mita biyar daga ƙasa, inda maciji da sauran maɓarnata ba za su kai gare ta da sauƙi ba. Mutum zai iya yini yana tafiya cikin kurmi mai kyau bai ci karo da dutse ɗaya da ya cika waɗannan sharuɗɗa ba. An taɓa samun sheƙa a ƙarƙashin gadar kankare a gandun Lope na Gabon, an kuma samu a jikin gindin wani babban itace a Kamaru, amma waɗannan tsiraru ne, kuma su ma abin da suke nunawa shi ne bango mai rufi tsuntsun ke nema ko ta halin ƙaƙa.

Ƙarancin irin wannan dutse ne ke tara tsuntsayen wuri ɗaya. Yawanci akan sami sheƙa ɗaya zuwa biyar a dutse guda, ko da yake a yankin Dja an ga inda suka kai wajen 50. Zaman ba na son juna ba ne. An ga suna faɗa a kan sheƙa, har wanda ya rasa wuri ya fasa ƙwan wani ko ya jefo 'ya'yansa ƙasa domin ya gaje ginin. Mace takan saka ƙwai biyu, su yi kwanci na kwana 21 zuwa 24 suna karɓa-karɓa, 'ya'yan kuma su yi kusan kwana 24 kafin su bar sheƙa. A Nijeriya lokacin kwanci yakan faɗo tsakanin Agusta da Nuwamba. Da yawa daga cikin ƙwan ba sa kaiwa ga tashi, saboda faɗan da aka ambata, da maɓarnata, da faɗuwar sheƙa. Tsuntsun da hayayyafarsa ke tafiya a hankali haka ba ya saurin mayar da asarar da ya yi.

Idan aka dubi taswirar murabba'in kilomita 300,000 da wannan ido, za a ga ɗige-ɗige ne kawai a cikinta, kowane ɗigo dutse guda da ɗan dajin da ya kewaye shi.

6.0 Halin da Yake Ciki

Ƙidayar tsuntsun da ba ya kuka, ba ya fita fili, kuma yake ɓacewa da jin takun mutum, abu ne mai wuya. Abin da masu bincike ke yi shi ne ƙidayar sheƙuna, sannan su ninka waɗanda ke da alamar amfani da biyu. Wannan hanya tana iya yin kuskure ta fuska biyu. Sheƙar laka a ƙarƙashin rumfar dutse takan daɗe bayan masu ita sun mutu ko sun ƙaura, sai a ƙidaya kango a matsayin gida. A ɗaya ɓangaren kuma, mai bincike ba ya isa sai inda mafarauci ya kai shi, kuma akwai kwazazzabai da yawa a Kamaru da Gabon da ba a leƙa ba. Saboda haka duk wani adadi da aka bayar ƙiyasi ne mai faɗi. A jerin halittun da ke cikin haɗari na shekarar 2000, wanda Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya, IUCN, ke fitarwa, an sanya tsuntsun a rukunin masu rauni, bisa ƙiyasin cewa manyansa ba su kai 10,000 ba a duniya baki ɗaya. Gano shi a sababbin wurare bayan wannan lokaci ya nuna ya fi yadda aka zata yaɗuwa. Amma ya kamata a bambance ƙaruwar sani da ƙaruwar tsuntsu: sabon wurin da aka gano yau, tsuntsun yana can tun da daɗewa, alhali wurin da aka sare ya tafi ke nan. Ga Nijeriya musamman, yawan tsuntsun a Gabon ba ya rage komai daga asarar da ake yi a Boki.

Babbar barazana ita ce saran daji domin noma, musamman koko da ayaba, sai yankan katako. Manomi ba ya taɓa dutsen, ba ya ma bukatar ya san akwai sheƙa a jikinsa. Ya isa ya sare itatuwan da ke kewaye, ya cinna wuta, sai wurin ya mutu. Masu binciken da suka koma wuraren da Ash ya gani a 1987 sun tarar wasunsu babu tsuntsu, daji ya zama gona. Gwamnatin Jihar Kuros Riba ta hana yankan katako a 2008, amma satar itace ba ta tsaya ba, kuma a 2023 aka ɗage hanin. A 2015 kuma gwamnatin jihar ta fito da shirin wata babbar hanya mai tsawon kilomita 260 daga gaɓar teku kusa da Kalaba zuwa iyakar Jihar Binuwai, a farkon 2016 ta soke haƙƙin mallakar ƙasa na kilomita 10 a kowane gefen hanyar. Ƙorafin al'ummomin yankin da na ƙungiyoyin kare muhalli ya sa aka janye wannan sokewa a 2017, amma an riga an share wani ɓangare na dajin.

Akwai wata barazana da ta keɓanta ga wannan tsuntsu, wadda ta samo asali daga mazaunin nasa. Rumfar dutsen da ke kare sheƙa daga ruwa ita ce kuma mafi kyawun wurin kwana ga mafarauci ko mai tsintar kayan daji da dare ya riska a kurmi. Sai ya yada zango a ƙarƙashinta, ya hura wuta, ya yi kwanaki yana ƙyafe nama, hayaƙi na bugun sheƙar da ke bisa kansa. Wani bincike da Fidelis Atuo da abokan aikinsa suka buga a 2014 ya nuna cewa irin wannan zango yana cutar da hayayyafar tsuntsun a kudu maso gabashin Nijeriya. Ban da haka, tarkon waya da ake ɗana wa ƙananan namun daji yakan kama shi, tun da a ƙasa yake yawo.

A da can akwai matsalar kamu domin gidajen namun daji na Turai da Amurka. Shirin talabijin na BBC da ya fara fito da David Attenborough a 1954, neman hankakan kogo mai rawayan kai ne ya kai masu shirin Saliyo. Wannan ciniki ya ja baya bayan da yarjejeniyar CITES ta fara aiki a 1975, wadda ta sanya nau'o'in biyu a rukuninta na farko, inda aka haramta cinikinsu tsakanin ƙasashe. Nijeriya na cikin ƙasashen farko da suka shiga yarjejeniyar, ta kuma kafa Doka ta 11 ta 1985 domin aiwatar da ita.

Ta fuskar kariya a ƙasa, an kafa Gandun Daji na Ƙasa na Kuros Riba a 1991, mai faɗin murabba'in kilomita kusan 4,000. A 2000 gwamnatin jihar ta keɓe Dutsen Afi, kimanin murabba'in kilomita 100, a matsayin mafakar namun daji, tsaunukan Mbe kuwa ƙauyuka tara da suka mallake su ne suka haɗa ƙungiya suna kula da su. Gaskiyar magana ita ce, ba don hankakan kogo aka yi yawancin wannan ƙoƙari ba. Don gorilan Kuros Riba aka yi, wanda bai fi 300 ba a duniya, kuma shi ke jawo kuɗin masu ba da taimako. Albarkacin kaza ne ƙadangare ke shan ruwan kasko. Inda ma'aikatan sintiri ke bin sawun gorila suna kwance tarkuna da rushe zangon mafarauta, tsuntsun yana amfana. Amma gorila yana kan tsaunuka masu wuyar hawa, wani kaso na sheƙunan kuwa yana gangare, cikin dajin al'umma da bakin gonaki, inda sintirin ba ya kaiwa. A ɓangaren Kamaru kuma, rikicin da ya ɓarke a yankunan masu magana da Ingilishi tun 2016 ya kawo cikas ga aikin tsaro da bincike a Korup da Takamanda.

Abin da ya faru a Gana ya cancanci a duba shi. A can an daina ganin mai rawayan kai tun shekarun 1960, har aka ɗauka ya ƙare a ƙasar, sai a 2003 aka sake gano shi. Daga baya ƙauyen Bonkro da ke yankin Ashanti ya zama wurin da masu sha'awar kallon tsuntsaye ke zuwa daga ƙasashen waje, su biya kuɗi, 'yan ƙauyen su raka su gindin dutsen da yamma su zauna shiru har tsuntsayen su dawo kwana. Hanyar tana da nata haɗarin, domin yawan baƙi a lokacin kwanci shi ma damuwa ne ga tsuntsun, amma ta sa mutanen ƙauyen suna da dalilin barin dajin da ke kewaye da dutsen a tsaye.

Ƙanƙantar wuraren da tsuntsun ya dogara da su, wadda ita ce rauninsa, ita ce kuma ke sa kare shi a wajen gandun hukuma ya zama abu mai yiwuwa. Ba a bukatar a hana ƙauye dukan dajinsa. Ana bukatar a san duwatsun da ke da sheƙa ɗaya bayan ɗaya, a bar musu zoben kurmi wanda ya haɗa da ƙoramar da ke kusa da kuma hanyar da za ta sada shi da babban daji, sannan a daina kwana da hura wuta a ƙarƙashinsu daga Agusta zuwa Nuwamba. A dajin al'umma, masu rabon ƙasar noma da shugabannin mafarauta ne ke da ikon zartar da wannan, kuma da Boki ko Ejagham za a yi maganar da su.